Birkin Taya ta Huɗu

Akwai wani mutum a ƙasar duwatsu, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ubansa ya bar masa wata tsohuwar mota, irin ƙananan motocin gudu na zamanin dā, mai kujera biyu da rufin tamfol. Uban ya same ta ne a hannun wani Bature mai haƙar kuza da zai koma ƙasarsu. Shekara ashirin da 'yan kai tana ɗore a kan bulo a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta.

Da mutumin ya huta da aiki, sai ya ce wa matarsa, "Maman Rifkatu, zan ta da motar nan. Ranar da ta tashi, ke zan fara ɗauka, mu gangara ƙauyenku mu gai da Inna."

Matar ta yi dariya ta ce, "To, Allah ya kai mu."

A ikilisiyarsu kuwa akwai wani tsohon bakanike, ana ce da shi Baba Istifanus. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, amma kunnensa da kansa garau suke. Shi ne yakan zo ya zauna a kujera a gindin mangwaro yana faɗa, mutumin yana yi. A haka suka ta da injin. Suka sa sababbin tayoyi, aka yi wa motar jan fenti, har masu wucewa suna tsayawa kallo ta kan katanga.

Sa'an nan Baba ya ce, "Saura birki, shi ne babban aikin." Ya sa aka cire taya ɗaya, ya nuna masa faifan ƙarfe da ke bayanta, da wani dunƙulen ƙarfe da ya hau bakin faifan. Ya ce, "Ni muƙamuƙi nake ce wa wannan. In ka taka birki, mai yana tura fistin da ke cikinsa, sai ya ciji faifan, taya ta tsaya. Kowace taya da nata. Dukansu huɗu za mu buɗe."

Suka buɗe na baya guda biyu. Mutumin ya kankare tsatsa, ya wanke ciki tas, ya sa sabon fistin da sabuwar roba. Suka buɗe na gaba na dama, suka yi masa haka, har suka sa masa takalmin birki mai cizo fiye da na asali. Kowanne aka gama, sai mutumin ya shafa masa jan fenti don ya dace da jikin motar.

Da suka zo kan na gaba na hagu, sai ƙusarsa ta ƙi kwancewa. Tsatsa ta cinye ta, ta zama ɗaya da ƙarfen. A ranar kuma aka aiko wa Baba cewa 'yarsa ta haihu a wani gari. Da zai tafi ya ce, "Malam, ka riƙa ɗiga mata mai safe da yamma. Za ta saki, amma sai ka yi haƙuri. Kada ka tsallake shi."

Mutumin ya ɗiga mai kwana biyu. A rana ta uku ya sa sufana ya danna da dukan ƙarfinsa, sufana ta zame, ya daki ƙarfe da bayan hannu har jini ya fito. Ya zauna yana kallon abin. Daga waje ba ya da wani aibu. Ya ce a ransa, "Uku sababbi fil, ai za su rufa wa ɗaya asiri." Sai ya goge shi da tsumma, ya shafa masa jan fenti kamar 'yan'uwansa, ya mayar da taya. Ya zagaya unguwa a hankali, ya taka birki, mota ta tsaya. Ya ji sitiyari ya ɗan ja dama, amma ya ce hanyar ce ba daidai ba.

Da Baba ya komo ya tambaye shi, "Na huɗun fa?"

Ya ce, "An gama, Baba."

Tsohon ya sunkuya ya leƙa. Idonsa bai ga kome ba sai jan fenti. Ya ce, "Madalla."

Ran Asabar da safe mutumin ya naɗe tamfol, matarsa ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata, ta shiga ta rungume kwanon tsaraba. Suka kama hanya. Injin yana ta ruri, iska tana kaɗa su, matar tana ɗaga wa mutane hannu. Suka kai babban gangaren da hanya take sauka daga kan dutse tana lanƙwasa. Mota ta ƙara gudu da kanta. Suna shan kwana sai ga garken shanu ya cika hanya.

Mutumin ya taka birki iyakar ƙarfinsa. Taya uku suka kama. Ta huɗu ba ta kama ba. Motar ta fizge zuwa dama, sitiyari ya ƙwace daga hannunsa, suka faɗa lambatu suka daki dutse ta gefen da matar take. Shanun suka ƙetare abinsu, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Makiyayin da waɗansu masu wucewa suka fito da su. Mutumin ƙujewa kawai ya yi. Matar kuwa hannunta na dama ya karye a wuri biyu.

A asibiti, bayan an ɗaure hannun, ta dube shi ta ce, "Baban Rifkatu, ba ka ce Baba ya duba kome ba?"

Ya ce, "Akwai ɗaya da ban buɗe ba. Fenti na shafa masa."

Ta rufe ido.

Aka jawo motar gida. Mutumin ya faɗa wa Baba gaskiya, ya koma ɗiga mai safe da yamma. A rana ta tara ƙusar ta saki, ba da wani ƙarfi ba. Da suka buɗe, sai baƙar laka mai wari ta zubo, fistin ya kafe a cikin tsatsa, ko motsi ba ya yi. Baba ya taɓa da yatsa ya ce, "Da dukansu huɗu lalatattu ne, da tun a ƙofar gida ka sani, ba za ka fita ba. Ukun da ka gyara su ne suka ba ka ƙarfin hali."

An gyara motar, tana tsayawa daidai har yau. Matar ta gafarta wa mijinta. Amma hannun bai ƙara miƙewa sosai ba, da hagu take riƙe muciya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwar mutum, birki kuwa shi ne abin da yake tsai da shi sa'ad da gwaji ya tare hanya. Da yawa a cikinmu mun ba Ubangiji wuri uku ya gyara. Mun bar sha, muna zuwa sujada, bakinmu ya daina zagi. Amma akwai wuri ɗaya da muka taɓa muka ji zafi, sai muka shafa masa fenti. Wani fushi ne, wani ƙiyayyar ɗan'uwa, wani kuma abin da shi kaɗai ya sani. In fasto ya tambaya, sai mu ce, "An gama." Shi kuwa fenti kawai yake iya gani.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba wanda zai gane. Gangare ne yake tona asiri, kuma ba ya aiko da sanarwa. Ku lura kuma da wanda ya ji ciwo. Sau da yawa ba mai ɓoyon ne yake karyewa ba, wanda ya amince da shi ya zauna kusa da shi ne.

Kwana tara ne kawai tsakanin mutumin nan da gyara, ya yi biyu ya gaji. Saboda haka wanda ya san nasa na huɗun, kada ya jira gangare. Ya kawo shi gaban Ubangiji da addu'a safe da yamma, ya kuma sami dattijo mai tsoron Allah ya ce masa, "Baba, akwai ɗaya da ban buɗe ba."