Katangar Surukin Ma'aji

An yi wani mutum, ma'aji ne a wata ƙaramar hukuma. Ba ɓarawo ba ne, ya 'yan uwa, kuma abin da ke kashe mini jiki a labarinsa ke nan. A kan kujera ɗaya ya yi furfura, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Kaɗan ya rage ya ajiye aiki ya fara cin fanshonsa.

Wata rana motar kwashe shara ta hukumar ta ja da baya, ta rushe katangar gidan surukinsa, mahaifin matarsa. Doka a fili take: mai ƙiyasi ya auna ɓarna, abin da ya rubuta shi za a biya. Jami'in da ya sa hannu a kan fiye da haka, daga aljihunsa zai mayar da rarar, aiki ya tafi, fansho ya bi shi. Ma'aji ya san wannan sarai. Shi yake koya wa sababbin ma'aikata.

Surukin ya zo ofis, ya zauna, ya yi tagumi. Ya ce, "Ɗana, bulo ya yi tsada." Iyakar maganarsa ke nan. Kunya ta kama ma'aji, sai katanga ta zama katanga da ɗaki a takarda. Ya kai wa shugaban hukumar, shi kuwa yana sauri ya ce, "Sa hannunka a biya, nawa ya biyo baya." Har yau bai biyo ba.

Magana ta zaga unguwa. Mai shagon kusa ya ce bangonsa ya tsage. Wata ta ce firgita ce ta kashe mata kaji. Wanda ya ƙara wa surukinsa, da wane baki zai hana maƙwabci? Ya yi ta sa hannu yana cewa taimako ne.

Masu binciken kuɗi suka zo da igiyar awo. Suka nemi ɗakin da ya rushe, ko tushensa babu. A kowace takarda kuwa hannu ɗaya ne, nasa. Aka kore shi, aka soke fansho, kotu ta ce ya biya.

Matarsa ta je wurin mahaifinta tana kuka. Ta ce, "Baba, ko rabi ka mayar." Ya ce, "Ni maganar katanga ce ta kai ni wurinsa, 'yata. Ban ce ya ƙara ba." Kuma gaskiya ya faɗa.

Aka yi gwanjon gidan ma'aji da kayan ciki. Yana tsaye a tsakar gida, mai shagon nan ya zo yana taya kujerunsa, har yana neman ragi.

Ya 'yan uwa, bakina ya gaji da faɗin wannan magana, amma zan sake. Kyauta da dukiyar jama'a ba alheri ba ce, cin amana ce, ko da kunya ce ta sa. In tausayin suruki ya kama ka, buɗe aljihunka. Wannan mutum kotun duniya kawai ya gani tukuna.

Allah ya kiyaye mu da hannunmu, ya ba mu ƙarfin cewa a'a ga wanda muke jin nauyi. Amin.