Gidan da Aka Ce a Rubuta Kango Ne

An yi wani mutum, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da in ɗanka ya tafi Kurmi neman abinci ba ka da hanyar jin labarinsa sai ta takarda. Sunan wannan bawan Allah Malam Tanimu. Ku na bayan can, ku bar hirar nan ku saurara, don da ku nake, kuma yau da ɓacin rai na zauna a gabanku.

Malam Tanimu rubuta wa mutane wasiƙa ce sana'arsa. Yana da ɗan teburi mai guntuwar ƙafa ɗaya da yake tokare ta da dutse, a gindin wata ceɗiya daura da gidan waya. Tsofaffin mata su zo su zauna a bencinsa, su faɗi abin da ke ransu, shi kuwa ya sauke shi a takarda. Shekara ashirin da biyar yana wannan aiki, kuma yana da ƙa'ida biyu da ba ya tsallakewa. Ba ya rubuta "wance ta ce" sai ya ji daga bakin wance. Ba ya liƙe ambulan sai ya karanta wa mai saƙo tun daga sallama har ƙarshe, ta ce masa, "Haka na ce." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana nan sai kaset ya shigo gari. Tsohuwa ta zauna gaban rediyo ta yi maganarta, har da kukanta, a ba direban mota ya kai. Wa zai ƙara neman Malam Tanimu? Sai ya wuni bai cire murfin alƙalami ba, ga iyali a gida suna jiran cefane. Bai roƙi kowa ba, amma duk mai ido ya ga rigarsa ta fara yi masa yawa.

Rannan wata mota ta tsaya a gindin ceɗiyar, wani Alhaji Ɗanliti ya fito, mai harkar gidaje. Kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi dillalai. Dillalin kirki yakan haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki a gaban shaidu, a sallama, a ba shi la'adarsa kowa yana gani. Wannan halal ne tsab. Shi Ɗanliti ba haka yake yi ba.

Ya zauna a bencin tsofaffin nan ya ce, "Malam, kana zaune a kan dukiya kana hamma. Duk ɗan garin nan da ke Kurmi, ai ka san inda takarda take samunsa."

Malam Tanimu ya ce, "Na sani, Alhaji. Da hannuna na riƙa rubuta adireshinsu."

"To, ga sana'a, ba ta son jari. Takarda, ambulan, kan sarki, shi ke nan. Ka rubuta wa duk wanda ya gaji gida a nan alhali shi yana can, ka ce in yana da niyyar sayarwa, akwai mai saye, kuɗi hannu, ba sai ya zo ba. In ya yarda da farashi ya sa hannu a takarda, ni kuma in kai takardar ga mai sayen gaske. Abin da ya hau sama namu ne. Zan koya maka, har ka tsaya da ƙafarka."

Abin bai kwanta wa Malam Tanimu sosai ba, amma ya ce a ransa ai tambaya ba zunubi ba ce, wanda ba ya so sai ya ce a'a. Ya tuna tukunyar gidansa. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka."

Ya zauna ya rubuta wasiƙa sittin, yatsunsa har suka yi kanta. Mako uku, shiru. Alhaji ya ce, "Sake rubutawa. Ba a buɗe ƙofa da sallamar farko." Ya sake. Biyu suka dawo ba a buɗe ba, wani kuma ya aiko da zagi, ya ce gidan ubansa ba tumatir ba ne da za a taya shi ta takarda. Sai a wata na uku amsa ɗaya ta zo, daga wani Ɗayyabu mai cinikin goro, wanda ya bar gari tun yana saurayi.

Ku ji abin da ya rubuta. "Baba Malam Tanimu, tun kafin in yage ambulan na gane hannunka, sai da na yi hawaye, don da shi Innata take gaishe ni har Allah ya karɓi ranta. Takardunta suna nan cikin akwatina. Rabona da gida shekara goma sha tara. Ban san halin da gidan yake ciki ba, ban san kuɗin da gida yake yi yanzu ba. Goggona Marka tana ciki, ban san ra'ayinta ba. Abin da ka gaya mini shi zan ɗauka, in sa hannu."

Da Alhaji ya ji wannan, sai ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ashe tuni yana da mai saye a hannu. An ce za a mayar da tashar mota bayan unguwar, wani attajiri yana son wurin ya rushe ya jera shaguna, ya kuma yi tayi mai tsoka. Alhaji ya gaya wa Malam Tanimu duk wannan, ya gyara zama ya ce, "Ɗauki alƙalami, Malam. Ka ce gida ya zama kango, damina ta cinye katanga, soro ya rufta. Ka ce in bai sayar bana ba, baɗi fili zai tarar. Ka ce Goggo Marka ta ce ta gaji, a sayar ta koma ƙauye." Sannan ya faɗi farashin da za a rubuta, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tayin attajirin ba.

A nan ne Malam Tanimu ya gane abin da aka saya a wurinsa. Ba don iya rubutu aka neme shi ba, masu rubutu sun cika gari. Yardar da matattun iyaye mata suka bar masa a zukatan 'ya'yansu, ita ake so a yi fashi da ita. Ya ce, "Alhaji, ban ji daga bakin Goggo Marka ba. Bari in je in karanta mata."

"Ka karanta mata me? Tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai?"

"Kunnenta lafiya lau ne, Alhaji."

Ya rubuta maganar Alhaji yadda ya faɗe ta, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya tafi da hantsi. Jama'a, gidan da aka ce kango ne, yana isa ya tarar da sabon yaɓe a jikin katanga, har da shatar yatsun wadda ta yi shi. Indararo a share. Tsakar gida an yayyafa ruwa, ga daddawa a shanye a kan tabarma, ga bishiyar lemun tsami ta yi 'ya'ya. Tsohuwar tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar kalwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, Allah bai ba ta haihuwa ba, gidan wanta ne kaɗai inuwarta a duniya.

Suka gaisa. Ta ce, "Malam Tanimu ne? Lale. Ko Ɗayyabu ne ya tuna da mu?"

Ya ce, "Goggo, wata takarda ce aka ce in aika masa, da sunanki a ciki. Kin san al'adata, sai na karanta miki."

Ya karanta. Da ya zo kan "kango" hannunta ya tsaya. Da ya zo kan "Goggo Marka ta ce ta gaji", sai ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo masa tafin hannunta, duk ya tsattsage da laka, ta ce, "Malam, duba nan. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ni nake kwaɓa ƙasar nan, don kada yaron nan ya dawo ya rasa inda zai ce nan aka haife shi. Wane ƙauye zan koma? Duk wanda ya san ni a can yana ƙarƙashin ƙasa. Ni na ce na gaji? Yaushe na ce?"

Ya ce, "Ba ki ce ba, Goggo."

"To, gida nasa ne. In zai sayar, ya sayar, ba ni da ta cewa. Amma a gaya masa ina ciki."

Malam Tanimu ya zauna a dakalin zaure, cike da fushi, kuma rabin fushin da kansa yake, don shi ya buɗe wannan ƙofa da wasiƙunsa sittin. Ya yage ta Alhaji. Ya ɗauko sabuwar takarda ya ɗora a gwiwa ya rubuta cewa gida yana nan daram. Ya rubuta maganar tasha, da ainihin tayin attajiri, da abin da aka so a ba shi. Ya rubuta maganar Goggo kalma da kalma. Ya karanta mata, ta ce, "Haka na ce." Ya liƙe, ya sa kan sarki, ya jefa a akwatin gidan waya, sannan ya nufi wurin Alhaji ya gaya masa abin da ya yi, bai rage komai ba.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Kai, matsiyaci. Na tsamo ka daga yunwa, ka zubar mini da ciniki? Wa ya cuci wa? In ya sa hannu da kansa, ai ya yarda."

Malam Tanimu, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba, ya ce, "Da ni ya yarda, Alhaji, ba da farashinka ba. Uwarsa ta zauna a bencina shekara da shekaru. In na rubuta masa ƙarya, da muryarta zai ji ta. Ka nemi wani hannun."

Ku saurara, don mugu ba ya saurin haƙura. Alhaji ya nemi wani hannun kuwa. Ya sami wani akawu ya rubuta ƙaryar nan, ya ƙara da cewa takardar farko kuskure ce, ya sa sunan Malam Tanimu a ƙasa. Wasiƙa biyu suka isa Kurmi, suna ɗaya, magana biyu. Ɗayyabu bai tambayi kowa ba. Ya buɗe akwatinsa ya zaro takardun Innarsa, ya shimfiɗa su kusa da sababbin biyun. Ɗaya ta yi daidai da hannun da ya sani tun yana saurayi, ɗaya ko kusa.

Bayan kwana tara ya sauka a tasha. Bai wuce ko'ina ba sai gaban mai unguwa, ya ajiye takardun duka, aka kira Alhaji, aka kira akawu. Akawu ya ga dattawa sun zuba masa ido, ya faɗi wanda ya sa shi. Alhaji Ɗanliti ya fita daga zauren nan ba wanda ya amsa masa sallama. Ɗayyabu ya shiga gidan ubansa, ya durƙusa gaban goggonsa, ya ga hannunta. Ya ce, "Goggo, muddin kina numfashi ba mai taya gidan nan."

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce daga nan Malam Tanimu ya yi arziki. Bai yi ba. Ya koma gindin ceɗiyarsa da teburinsa mai dutse. Jifa-jifa wani na Kurmi yakan aiko a sayar masa da gida ta hannunsa, ya haɗa su da mai saye a fili, ya karɓi 'yar la'adarsa. Da ita ya rufa wa kansa asiri har ya koma ga Allah, da riga biyu. Goggo Marka kuwa ta ƙara shekara bakwai. A ɗakinta ta cika, a tsakar gidan nan aka yi mata sutura, ba a tsince ta a zauren wani ba.

To, ga abin da ya sa na kawo muku wannan labari. Cin amana ba sai an ba ka ajiyar kaya ka cinye ba. Wanda ya ce maka "abin da ka gaya mini shi zan ɗauka" ya ba ka ajiya mafi nauyi, kuma za a tambaye ka a kanta. Rashin sanin ɗan'uwanka ba kasuwa ba ce. Sa hannunsa ba ya wanke ka in ka ɓoye masa abin da da ya sani ba zai sa ba.

Makon jiya na je ta'aziyya a unguwar nan. Ana addu'a, na ga mutum biyu hannuwansu a sama, idanunsu suna auna faɗin zaure. Kafin a yi sadakar uku, saƙo ya shiga wayar marayun, wai akwai mai saye, kuɗi hannu, ba sai sun wahala ba. Na san ku, kun san na san ku, ɗayanku yana cikin sahun nan. Sayen gida ba haram ba ne, aika saƙo ba haram ba ne. Amma kafin ka aika, je ka zauna gaban tsohuwar da ke cikin gidan, ka karanta mata abin da ka rubuta, har da farashin da ka ɓoye. In bakinka ya kasa karantawa a gabanta, kada yatsanka ya aika. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Ku tashi mu yi salla.