Benen Chowdhury Mai Ɗaki Arba'in

Akwai wani magini a ƙauyen Kajoldanga, a ƙasar Bangladesh, ana ce masa Kolim. Kakansa ne ya gina benen iyalan Chowdhury, mai ɗaki arba'in, a bakin tafki. Ubansa ya yi ta gyaran gidan har ya mutu, shi ma ya gada. A zamanin da gidan yake gida, talaka ba ya wucewa ta ƙofarsa da lema a buɗe, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Tsohon Chowdhury ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, Tofazzal da ƙanensa Mozammel. Ko sadakar arba'in ba a yi ba suka ja igiya a tsakar gida, gabas ta wa, yamma ta ƙane. Babban zauren tsakiya kuwa, wanda ɓangarorin biyu suka jingina da shi, kowa ya ce nasa ne. Magana ta tafi kotu.

A daminar nan Kolim ya hango ɗan tsiron ceɗiya a tsagar rufin zauren. Ganye uku ne kacal, amma ya san abin da saiwa ke yi wa gini. Ya sami Tofazzal zaune yana shan shayi yana taunar ganyen pan, wanda mutanen can ke ci kamar goro.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in cire shi. Kafin shayinka ya huce na sauko."

"Ka fara zuwa wajen wancan yaron?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To hau. Duk wanda ya tambaya, ka ce mai zauren ne ya sa ka."

Kolim ya kusa kaiwa sama sai ga Mozammel a fusace. "Kai! Uban wa ya ce ka taɓa min rufi? So kuke a ce a kotu shi ke gyara, don haka nasa ne?"

"Ƙaramin maigida, saiwa ce fa..."

Mozammel ya fizge tsanin. Kolim ya faɗo a kan hannunsa na dama, ƙashin ya karye gida biyu.

Tofazzal bai zo duba shi ba. Aike ya yi, wai in ya ji sauƙi ya zo kotu ya ba da shaida. Matar Kolim, Jobeda, ta dubi ɗan aiken ta ce, "Ka ce masa hannun ne ya karye. Bakin da yake so a ara masa kuma yana shan magani."

Alƙali ya hana kowa taɓa zauren sai an yanke hukunci. Hannun Kolim ya warke a karkace, ko cokalin gini ba ya iya riƙewa. Ya kira 'ya'yansa biyu zai koya musu kwaɓin kakansu, na farar ƙasa da garin jan bulo da mazarƙwaila. Babban ya ce, "Baba, sana'ar da ta mai da ka haka?" Suka tafi Dhaka ɗinkin kamfani.

Shekara ashirin da bakwai Kolim yana kallon ceɗiyar daga ƙofar bukkarsa. Ta yi reshe, ta zuro saiwoyi ta tagogi. Wata damina zauren ya rufta, ya ja rabin ɓangaren yamma. Mozammel ya koma birni gidan surukinsa, can ya mutu. Ɗakunan gabas ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen gari suka riƙa kwasar bulo suna gina murhu da garken shanu.

Ran nan da hantsi sai ga Tofazzal, tsoho tukuf, yana dogara sanda, da takarda naɗe a leda.

"Kolim, na yi nasara! Kotu ta ba ni zauren. Tashi ka tayar min da gidan ubana."

Jobeda ta buɗe baki, Kolim ya ɗaga mata hannu. Ba haushi ya ji ba, tausayi ne ya kama shi. Ya bi tsohon a hankali har ɗaki ɗaya da ya rage masa, inda kwanoni shida ke jere a ƙasa suna tarar yoyo.

Kolim ya ƙwanƙwasa bangon da hannun hagu, ya kara kunne. Ya bi saiwoyin da suka naɗe ginin da kallo.

"Ranka ya daɗe, yanzu bishiyar ce ke riƙe da bangon. In an sare ta, yau zai faɗi. In an bar ta, ita za ta kayar da shi."

Tofazzal ya dubi takardar da ke hannunsa. "To in yi yaya, Kolim?"

"Ka matsar da gadonka kusa da ƙofa."

Darasi: Girman kai ba ya rushe gida rana ɗaya, hana gyara yake yi har lokacin gyara ya wuce. Wanda ya wulaƙanta mai yi masa nasiha, ranar da zai neme shi ba lallai ya same shi da sauran ƙarfi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda gado ya raba, tun rufinsu yana sama.