Jatau da Igiyoyin Birnin Gushe

A zamanin da dutse ke da taushi, an yi wani magini a ƙasar Kwargwaɗa mai suna Mantau, jikan maginan ganuwa, wanda Sarkin Aljannu Durmusu ya sa aka ɗauke don ya shimfiɗa masa hanya a Birnin Gushe, bai kuwa dawo ba. Ɗansa Jatau, dogo siriri, mai sanyin baki da zafin zuciya, ya tashi da sana'ar uban da kewarsa. Da ya kawo ƙarfi sai ya saɓa kayan aikinsa, ya keta dazuzzuka da fadamu har ya isa birnin.

Birni ne fari fat, shiru tsit, ba carar zakara ba hayaƙin girki, gidajensa ko inuwa ba su da ita. Jatau ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina na zo nema."

Sarki Durmusu, mai ido kamar garwashi, ya ce, "Ɗan Adam, manzannina sun gaji da tsayawa tambaya a kowace ƙofa. Yi mini gajeriyar hanya daga fada zuwa babbar rijiya, in ba ka ubanka. Amma ka sani, a nan akwai Mashariya, mai zuwa ba sallama, ta kwashe gidaje da rijiyoyi ta sake musu mazauni, abin da ba mai riƙe da shi kuwa ta haɗiye. Ubanka da ido ya auna ya gina. Da ta wuce, hanyarsa ta zarce cikin rami, manzannin da suka bi ta suka dawo da fuskokin da ba nasu ba."

Aka haɗa shi da wata tsohuwar aljana mai suna Tumbulƙe, makauniya, wadda igiyoyi ke fita daga hannuwanta kamar saiwar gamji. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka taɓa komai da hannunka, kada ka ce ga abu can. Faɗi abin da kake so in miƙa maka igiyarsa, duk inda aka kai shi tana biye da shi."

Haka Jatau ya kama aiki. In yana son tsawon katanga, sai ya tambaya, tsohuwa ta ja igiya ta gaya masa. Abin ya yi masa nawa, amma sannu ba ta hana zuwa. A kowace kwanar hanya ya rataya ƙararrawa a jikin igiya, don in wuri ya sauya ta kaɗa, matafiyi ya koma tsohuwar hanya.

Ran nan da rana tsaka, ya ɗaga kai sai ga Mantau zaune a gindin wata katanga, ya yi furfura, ya rame. Iska ta ɗauke, ƙasa ta soma gurnani, aka ji ƙarar tsintsiyar Mashariya tana tahowa. Mantau ya miƙa hannu ya ce, "Jatau, kama ni!"

Jatau ya zabura, har yatsunsa sun kusa kaiwa, sai ya dunƙule hannu, hawaye na zuba, ya yi kira, "Iya, igiyar Baba!" Tsohuwa ta jefo masa, ya naɗe ta a damtse. Birni ya juya kamar ana tankaɗe. Da ƙura ta lafa, abin da ke zaune a gindin katangar ba shi da fuska, sai baki kawai, yana ta maimaita "kama ni" da muryar uban.

Jatau ya juya masa baya, ya bi igiya lungu-lungu har bayan babbar rijiya, inda ya tarar da Mantau na gaskiya yana rawar ɗari. Tsoho ya shafa fuskar ɗansa ya ce, "Ashe har ka yi gemu."

Tare suka ƙarasa hanyar. Mashariya ta sake wucewa, ƙararrawa ta kaɗa, manzanni suka kauce, kowa ya dawo da fuskarsa. Sarki ya cika alkawari. Da suka iso Kwargwaɗa gari ya ɗauki guɗa, aka naɗa Jatau Sarkin Magina, Mantau kuwa da hannunsa ya gyara masa rawani. Allah Ya sada kowane mai nema da nasa.