Layin Bayan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu sha labari!

Wata shekara aka yi zaɓen majalisar dokokin jihar Dawa, irin na 'yar tinƙe, kowa ya yi layi bayan ɗan takararsa. A mazaɓar awaki Bunsuru ya fito, Kura ma ta fito.

Bunsuru ya ce, "'Yan uwa, ni fa naku ne!"

Tsohuwar Akuya ta ce, "Namu ne kai, Baba, amma wa zai wuni bayanka da wannan wari? Kuma bayan Kura ai ya fi gabanta lafiya."

Duk suka jeru bayan Kura. Dila malamin zaɓe ya ƙirga ya ce, "Ranki ya daɗe, kujera taki ce."

Kura ta ce, "Madalla! Ku tsaya yadda kuke, in juyo in gode wa kowa, ɗaya bayan ɗaya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.