Ranar da Kura ta waiwaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara ɗaliban jami'ar dawa suka tashi zaɓen shugaban ƙungiyarsu. Wanda duk ya ci, shi ke riƙe makullin ɗakunan kwana. Da jin haka Kura ta fito takara, Ɓauna ma ta fito.

Kura ta bi aji-aji tana murmushi, haƙora a waje. Ta ce, "Ba na son ƙuri'ar ɓoye. A yi ƙato bayan ƙato, in ga mai ƙaunata."

Dila, baturen zaɓe, ya ce, "To, ranki ya daɗe. Kowa ya tsaya bayan gwaninsa, ni kuma in ƙirga."

Ranar zaɓe tsoro ya jera kowa bayan Kura, Ɓauna tana tsaye ita kaɗai. Ashe Rago ne a farkon layi, ga ƙiba, ga ƙamshi. Kura ta daure, ta daure, yawu yana zuba. Can ta waiwaya ta ce, "Ɗan'uwa, a wane ɗaki kake kwana?"

Ai kuwa layi ya watse. Kowa ya ruga neman maɓoya, babu kuwa abin fakewa a filin sai faɗin bayan Ɓauna. Dila ya ƙirga abinsa tsaf.

Kura ta ce, "An yi maguɗi!"

Dila ya ce, "Haba ranki ya daɗe, ai ke kika yi mata kamfen."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, na sauke ta nan.