Gizo a Gidan Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi shiru.

Wata shekara mutanen gari suka ba Gizo ajiyar irin gero a rumbunsa, shi kuwa ya cinye sarai. Da ruwa ya sauka aka zo karɓa, sai ƙaiƙayi. Ba a doke shi ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Abu ɗaya aka yanke: kada kowa ya ƙara tanka masa sai ya roƙi gafara.

Ya je ƙofar Bushiya ya ce, "Salamu alaikum, uwar gida, ina gajiya?" Bushiya ta ci gaba da tankaɗenta. Ya tarar da Zomo a bakin rijiya ya ce, "Kai Zomo, kunnuwan nan har yanzu girma suke yi?" Zomo, da ba a tsokanarsa ya ƙyale, ya haɗiye amsarsa ya wuce. Ya koma gida ya ce, "Ƙoƙi, har da ke?" Matarsa Ƙoƙi ta ajiye masa tuwo, ta rufe da faifai, ta fita.

Gizo ya ce, "Ni in durƙusa wa Bushiya? Allah ya kiyaye."

Ran nan da magariba yana zaune bisa katanga shi kaɗai, sai ya ga jinjirin wata, ga tauraruwa Zara a gefensa, ga ƙananan taurari suna fitowa cincirindo kamar ranar kasuwa. Ya ce, "Ka ga gari! Kowa kafaɗa da kafaɗa, kuma ba wanda ya san zancen gero."

Ya jefa zarensa ya maƙale a ƙahon wata, ya kama hawa. Ya wuce kan rimi, ya wuce shirwa, ya wuce gajimare. Daga nan ba tsuntsu, ba iska, ba abin da yake ji sai numfashinsa. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, har ya bar ƙirgawa.

Da ya isa, sai ya ga fili fari kamar toka, ko ciyawa babu. Ya tsaya a bakin ƙahon ya yi sallama.

Wata ya amsa da wata murya kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, "Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo."

Saura kaɗan Gizo ya yi kuka. Ya ce, "Baba Wata, ina jama'a? Ina mai ɗakinka Zara?"

"Haka kuke cewa a ƙasa, wai matata ce? Ban taɓa jin muryarta ba."

"Haba Baba! Da idona na gan ku, tsakaninku bai kai kamu ɗaya ba."

Wata ya ce, "Ƙafarka nawa?"

"Takwas, duk lafiyayyu."

"To, ka tuna tsawon zaren da ya kawo ka nan. Ɗaga ƙafa ɗaya. Wannan irinsa goma ke nan. Ɗaga ta biyu."

Gizo ya ɗaga ya ce, "Ashirin!"

"A'a, ɗana. Ba ƙari ake yi ba, haihuwa ake yi. Kowane ɗaya cikin goman nan ya haifi goma."

"To, ɗari."

"Can Zara take, a ranar da ta fi matsowa kusa."

Gizo ya ɗaga kai ya dubi taurari. Ya ce, "Ƙananan nan fa da suka cika wuri?"

"Ɗaga ta uku."

"Dubu. Mun iso?"

"Ɗaga ta huɗu."

"Dubu goma. Mun iso?"

"Ko unguwarmu ba mu fita ba."

Ya ɗaga ta biyar, dubu ɗari. Ya ɗaga ta shida, dubu sau dubu. Ya ɗaga ta bakwai, ya rage a kan ƙafa ɗaya yana rawa kamar kara a iska. Ya ce, "Baba, wannan lambar ban ma san sunanta ba."

Wata ya ce, "Ni ma na daɗe da barin kiran sunayensu. Saura ƙafa ɗaya ka isa ƙofar na farko cikin taurarin nan. Shi ma shi kaɗai yake zaune, maƙwabcinsa na can da nisa irin wannan."

Gizo ya ce bari dai ya gani, ya ɗaga ta takwas. Wanda ya ɗaga ƙafa takwas, da me zai tsaya? Sai ya sulluɓo.

Wata yana kira, "Dakata, baƙo! Ko ruwa ban ba ka ba!" Amma Gizo ya yi nisa.

Yana gangarowa bisa zarensa yana cewa a ransa, "Da na sauka, gidan Bushiya zan fara zuwa, in durƙusa har ƙasa." Da ya sauka, sai ya tarar da kufai. Katangu sun zube, tumfafiya ta fito a tsakar gidansa. Wani Ƙadangare da ke shan rana ya ce, "Tsoho, wa kake nema?"

"Na zo roƙon gafara."

"Wurin wa? Mutanen nan sun tashi tun kakana yana ƙarami. Ba wanda ya san inda suka nufa."

Tun daga ranar Gizo ke shiga ɗakunan mutane, ya rataya a lungu a kan zare ɗaya, ba ya cewa komai. Hira kawai yake saurare.

To, jikokina, abin da kuka hango daga nesa a cunkushe, wataƙila kowa a cikinsa shi kaɗai yake. In kun ɓata da wanda ke kusa, ku je ku ba shi haƙuri tun yana inda ƙafa za ta kai ku.

Ƙungurus kan kusu, tatsuniya ta ƙare, a rufe wutar nan da toka.